Ƙoƙon Altine Ungozoma

A Mandera, idan mace ta fara tofar da yawu a gindin danga, ta daina son warin daddawa, ba a daɗewa za a ji sallamar Altine a gidan, da ɗan ƙoƙo ƙunshe a gefen mayafinta. Ba ta tambayar wata nawa ne. Sai ta dubi fuskar yarinya, ta dubi jijiyar wuyanta, ta dire ƙoƙon a gabanta.

"Wanga shi na ma'auninki. Hura ko tuwo, cikinai guda da sahe, guda da rana, guda da marece. Ban da ƙwai, ban da nama, ban da nono mai kauri, ban da gyaɗa. In kin ƙi ji, ranar naƙuda kada a aiko mani."

Ƙoƙon bai fi tafin hannun babban mutum ba in ya lanƙwasa shi zai sha ruwa. Ita ke shuka duman a bayan ɗakinta, ta zaɓi ƙanana, ta fafe su da hannunta. Shekara arba'in tana wannan aiki, kuma ba ta taɓa karɓar komai a kan ƙoƙo ba. Dalilinta ɗaya ne, kowa ya san shi: uwa in ta rage ci, ɗa ba zai yi girma ba, ɗa in bai yi girma ba, ba zai maƙale ba.

Altine ungozoma ce, ta ba shekara sittin baya. Busasshiyar mace ce mai manyan hannuwa, ba ta da hira, ba ta da dariyar banza. Rabin mutanen ƙauyen ita ta yanke musu cibi, har da limamin masallacinsu. In ana yabon wani a gabanta da iya zance, sai ta ce a nuna mata abin da ya yi. Abin da ita ta yi kuwa a fili yake: tun da ta kama aikin, ba macen da ta mutu a hannunta da ɗa maƙale a ciki. Jariran sukan sulɓo ne kamar 'yan tsaki, fata a tattare, kuka ƙasa-ƙasa. Wasu su rayu, wasu ko arba'in ba sa kaiwa. Waɗanda suka koma ba a taɓa ɗora mata su ba. A ce Mai abu ya karɓi abinsa, a yi wa uwar barka da ta tashi da ranta.

Asalin ƙoƙon mutuwar yayarta Kaltume ce. Altine tana budurwa lokacin, titin kwalta bai zo kusa da su ba. Kaltume ta yi kwana uku a durƙushe, kan ɗa ya zo ya tsaya, ba gaba ba baya. A rana ta uku aka ɗora ta a amalanken shanu za a kai ta Shagari. Altine ce ta riƙe kanta a cinya. Jini yana bin katakon amalanke yana ɗiga a rairayi, kuma kafin su hango garin Kaltume ta daina nishi. Da aka dawo da gawa, tsohuwar ungozomar wancan zamani ta wanke hannunta ta ce, "Ci ya kashe ta. Mijinta mahauci na, kullum da tsoka ga bakinta. Ɗan ya hi ƙarhin ƙohwa."

Altine ba ta yi kuka a gaban mutane ba. Bayan sadakar bakwai ta je ta durƙusa wa tsohuwar, ta ce ta koya mata aiki. A hannunta ta koyi juya ɗa a ciki, da ɗaure cibi, da gane mabiyiyar da ta fita duka da wadda ta bar saura. Ƙoƙon kuwa ita ta ƙirƙiro shi, don ta lura in ka ce wa mace ta rage ci, kowacce da nata ragin. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu. Altine ta yi shekara arba'in tana gudu, ta kuma ja matan gari guda a bayanta.

'Ya'yanta biyar suka rayu. Autansu Mainasara ne kaɗai ya zauna gida, yana noman gero da damina, da rani ya koma fadama kan albasa. Ya auro Zulaihatu daga Sifawa, yarinya 'yar siririya mai ɗan ƙugu, mai kunya har ta yi yawa. Altine ta so ta tun ranar farko, irin son da ba a faɗa da baki. Amma duk lokacin da yarinyar ta juya baya, Altine sai ta dubi ƙugun nan. Ƙirar Kaltume ce sak.

Don haka ba ta jira ciki ya samu ba. Wata biyu da tarewa ta ba ta ƙoƙo, kuma ta zaɓi mafi ƙanƙanta a cikin na shekarar. Ta zaunar da ita ta ba ta labarin Kaltume tun daga ranar farko har jinin da ke ɗiga a rairayi, abin da ba ta taɓa yi wa kowa ba. Zulaihatu ta sunkuyar da kai ta ce, "To, Inna."

Da cikin ya zo, ya zo da amai. Abin da ya shiga da safe kafin hantsi ya dawo. Zulaihatu ba ta taɓa neman ƙari ba. Suruka ba ta cewa uwar miji tana jin yunwa, balle a cikin fari da ake ɓoyonsa kamar sata. A wata na biyar Mainasara ya ɗauke ta a babur ya kai ta awo ƙaramin asibitin Shagari. Ma'aikaciyar wurin, wata Bahijja 'yar Bodinga, ta ja fatar idonta ta ce jininta ya yi ƙasa ƙwarai, ta ba ta ƙwayoyi iri biyu, jajaye da 'yan ƙanana rawaya. Suna dawowa Altine ta miƙa hannu.

"Mi anka ba ki?"

"Na ƙarin jini, Inna."

"Jinin wa? Naki ko nashi? Irin wanga ka kumbura ɗa, su samu na yankawa."

Ta zuba su a tsohon gwangwanin madara ta ɗora a kan ƙofa.

Haihuwar ta zo da sauƙi, kamar yadda ta tsara. Tsakanin hantsi da azahar an gama. Namiji ne, aka sa masa Tukur. Altine ta ɗaga shi da hannu ɗaya, ba ta ji ta ɗauki komai ba, ta ce a ranta wannan karon ta riga mutuwa zuwa. Ta riƙa yi masa wasan jika tana kiransa angonta, tana cewa ango mara nauyi ba ya karya gado.

Ita ce ta fara lura. Yaron in ya kama nono, sai ya ja sau uku ko huɗu ya saki yana haki, goshinsa ya jiƙe da zufa ko da sanyin safiya. In ya yi kuka leɓensa ya yi duhu. Wata biyu bai cika rigar suna ba. Ta yi masa duk abin da ta sani, ta karɓo rubutu wurin malam, ta gasa masa ƙirji da tsumma mai ɗumi. In ta ɗora tafinta a ƙirjin, sai ta ji abu yana kaɗawa kamar tsuntsu a cikin tulu. A wata na uku ita da bakinta ta ce wa Mainasara ya nemo mota.

Daga asibitin Bodinga aka tura su Sakkwato. A can wani likita mai furfura ya shafa wa yaron wani ruwa mai yauƙi a ƙirji, ya ɗora na'ura, ya daɗe yana kallon allo. Ya ce akwai rami a bangon da ya raba zuciyar, jini yana bin inda ba hanyarsa ba. Sannan ya juya ga Zulaihatu ya tambaye ta me take ci lokacin da take da cikin. Ta dubi ƙasa. Ya sake tambaya. Altine ta kwance gefen mayafi, ta fito da ƙoƙon da take shan ruwa da shi a hanya, ta ajiye a kan teburinsa.

"Cikin wanga sau ukku. Ni nas sa ta. Ita ba ta da laihi."

Likitan ya ɗauki ƙoƙon ya juya shi. Ya tambayi nama, ƙwai, wake, ganye. Ya tambayi ƙwayoyin asibiti. Altine ta amsa duka, ba ta rage ko ɗaya ba.

"Mama," in ji shi, "zuciyar ɗa tana haɗuwa ne a makonnin farko, kafin ciki ya fito, wani lokaci kafin mace ta san tana da shi. Da abin da ke jikin uwa a lokacin ake yin ginin. Amma akan haifi yaro da irin wannan rami ko da uwarsa tana ci tana ƙoshi. Ba zan ce yunwa ce ta huda ta ba, ba zan kuma ce ba ita ba ce."

"To ƙanƙantar hwa?"

"Wannan kam yunwa ce. Kuma ita ce damuwata. Ana iya ɗinke ramin, amma sai yaro ya yi nauyi, ya yi ƙwari. Mai ƙwari yana iya jira. Wannan ba shi da abin jira da shi."

Aka ba su magani suka dawo. Da ruwan farko ya sauka, mura ta kama Tukur ta sauka a ƙirji. Kwana huɗu ya yi ya koma. Yana da wata biyar.

Matan gari suka zo gaisuwa suka faɗi abin da aka saba faɗa: Mai abu ya karɓi abinsa, an gode Allah da uwar ta tsira. Altine ta zauna a ƙofar ɗaki tana amsawa. Wannan maganar ita ta sha faɗa wa mata, ba ta taɓa jin yadda take a kunne ba sai ranar. Ba ta ba kowa haƙuri ba, ba ta roƙi gafarar kowa ba; a ganinta baki ba ya tono kabari. Abu ɗaya ya canja, ta kasa duban fuskar Zulaihatu. In za ta yi mata magana sai ta dubi turmi ko danga.

Ranar kasuwar Shagari ta hau kabu-kabu ita kaɗai, ta sauka a ƙofar asibiti. Ta jira layin mata ya ƙare, ta shiga ta dire gwangwanin madara a gaban Bahijja. Shekaru suna jin labarin juna, ba su taɓa zama ba. Altine na kiran irinsu masu farin kaya da dogon bayani.

"Kayanki na. Ko guda ba ta sha ba."

Bahijja ta buɗe ta rufe. "Na san ba ta sha ba, Gwaggo. Matan Mandera dut haka suka yi mani. In na ga ido hwari kamar audugar kaɗi, ba sai an gaya mani ƙauyensu ba."

"Ban zo hira ba. Tambaya gare ni."

Ta ba ta labarin Kaltume a taƙaice. Bahijja ta tambayi tsayinta. Altine ta nuna kafaɗarta. Ta tambayi yadda suka tashi. Altine ta ce gidansu hatsi ba ya kai damina, sun sha kwana da ganyen tafasa da dusa.

"Ban gan ta ba, ba ni iya rantsuwa," in ji Bahijja. "Amma ƙila ba ɗan na yay yi girma ba, ƙugun na bai samu girmanai ba. Ɗiya mace in anka haihe ta 'yar mitsitsiya, ta tashi da yunwa, ƙashinta shina tsayawa. Ranar da ta tashi haihuwa, ko ɗan bai kai komi ba sai ya maƙale. Naman mijinta na wata tara bai gyara yunwar shekara ashirin."

Altine ta tuna 'yan matan da ta karɓa da hannu ɗaya, waɗanda yanzu suke ɗaukar ciki, ƙanana, masu ɗan ƙugu, ita kuma tana bin su da ƙoƙo don ta ga ƙugun nasu ƙarami ne.

"Sannan in tambaye ki, Gwaggo. Mata nawa jini yat tsinke ma bayan haihuwa, sunka tahi?"

"Wannan ba maƙalewa ba ta."

"Ba ita ba ta. Amma mai jini in ta zubar, tana tashi. Wadda ba ta da shi, kaɗan ya ishe ta."

Akwai Hafsat, matar mai facin babura, wadda ta haihu lafiya da safe, kafin la'asar ta yi fari fat ta tafi. Akwai wasu biyu. Altine ba ta taɓa sa su a cikin aikinta ba. Ta goge tafinta a zane kamar ta taɓa wani abu.

"In nac ciyar da ita, ɗan ya maƙale hwa?"

"Ki kawo mani ita nan. In ya gagare ni, ga mota ga titi. Yanzu ba zamanin amalanke na ba."

"Kin ɗauki alkawali ba ta mutuwa?"

"Ban ɗauka ba. Rai na Allah na."

Altine ta dube ta da kyau a karon farko. Da ta yi alkawarin, da ta tashi ta bar mata ɗakin. Ta karɓi sababbin ƙwayoyi, ta ji bayani cewa a fara sha tun kafin wani cikin ya samu, ta ƙulle su a mayafi.

Sai dai Zulaihatu ta tafi Sifawa wurin iyayenta ta yi wata uku. Da ta dawo bayan kaka, ba ta cin kirki, ba ta magana. Altine takan ajiye mata akushi da ƙwayoyi a bakin ƙofa ta juya, ba ta tsayawa ta ga an ci ko an sha. Matar da ke gane ciki a wuyan mace daga nesa, ta yi wata uku da mai ciki a cikin gidanta ba ta sani ba, don ta kasa ɗaga ido. Sai wata safiya da ta ga tofin yawu a gindin danga. Ta tsaya a kansa ta ƙirga da yatsu. Makonnin da likita ya ce a cikinsu ake gina zuciya sun riga sun wuce, kuma ba wanda zai iya dawo da su.

Abin da ya rage shi ta kama. Ta daina kai ƙwan kajinta kasuwa. Ta dasa zogale a wurin duma. Ta sa matar Fulani daga wajen Kajiji ta riƙa biyowa da kindirmo. Ranar kasuwa ta sayo hanta, ko kifin madatsar ruwa in an samu, ta dafa wake da manja. Kullum akushi yana dawowa a wanke, ita kuma hankalinta ya ɗan kwanta, har ranar da Mainasara ya dawo daga fadama yana sakace haƙori.

"Inna, kajin ga naki Allah ya yi masu albarka. Tun da nika noman albasa ban taɓa cin ƙwai kullum ba sai bana."

"Wa ka ba ka ƙwai?"

"Cikin akushin rana nika iske shi. Har da hanta shekaranjiya."

"Ka ci ka ƙoshi?"

"Ƙwarai."

"Madalla. In wata tara ya cika sai mu kai ka ka haihu."

Washegari da hantsi ta shiga ɗakin Zulaihatu ba sallama, abin da ba ta taɓa yi ba. Ta same ta zaune a bakin gado da ƙwaryar fura, tana ɗiba da ƙoƙon nan mafi ƙanƙanta, tana share bakinsa da yatsa don kada ya wuce. Ƙwai biyu na gefe a nannaɗe, suna jiran akushin fadama.

"Ba ni wanga."

Zulaihatu ba ta miƙa ba. Ta rungume shi a ƙirji. Tun da ta zo gidan ba ta taɓa haɗa kalma biyar a gaban uwar mijinta ba, amma ranar ta yi magana, idonta a ƙasa.

"Inna, ke kinka ba ni labarin yayarki. Har jinin da ka ɗiga ƙasa kin gaya mani. Ni kullum shi nika gani. Kin ce kada in ci, ban ci ba, yaro ya tahi. Yanzu kin ce in ci. In na ci ni ka tahiya, in ban ci ba shi ka tahiya. Wace Inna za ni bi, ta bara ko ta bana?"

Duk bayanin Bahijja yana kan Altine, amma ta san tsoron da ta dasa da labari guda ba bayani ne zai tumɓuke shi ba. Ta ja tabarma ta zauna a ƙasa, a ɗakin surukarta. Ta warware ƙwan ta ɓare, ta raba biyu. Rabonta da ƙwai tun mutuwar Kaltume, don ba ta cin abin da take hana mutane. Ta sa rabi a baki ta tauna, ta miƙa rabi.

"Ban iya zance ba. Daga yau akushi guda za mu ci ni da ke, sahe da rana da marece. Kuma ranar naƙudarki ba ni ka karɓa ba. Na kai ki ga wadda taf hi ni kayan aiki. In abu ya tsaya, mota na ƙohwa."

"Inna, kunya. Mi za a ce?"

"A ce. Ci."

Zulaihatu ta daɗe tana kallon rabin ƙwan. Sannan ta juya fuska ga bango ta ci.

An kuwa ce. Uwar miji da suruka hannu a akushi ɗaya, ba a taɓa gani ba a Mandera. A bakin famfo mata suka ce Altine ta tsufa ta ruɗe, ta koma kiwon suruka kamar tunkiyar layya. Wata sa'arta ta tare ta a hanya.

"Altine, namu ɗiyan ƙoƙo, taki akushi? Ko so kike ki kashe ɗiyar mutane ki huta?"

"Na yi kuskure shekara arba'in. Ku aje ƙoƙon."

"Da shi nih haihi takwas, ga ni tsaye."

"Nawa ka raye?"

Matar ta ja tsaki ta wuce. Altine ta faɗi maganar a gida uku ko huɗu, ba wanda ya ɗauka. Sun yarda da Altinen da suka gani tana aiki shekara arba'in, ba su yarda da wannan mai magana ba. Ita ma ba ta ga laifinsu ba.

Cikin yana girma, tsoronta yana girma tare da shi. Kumatun Zulaihatu sun ciko, cikin idonta ya yi ja, Bahijja na murna duk ranar awo. Altine kuwa in ta shafa cikin ta ji faɗin kan ɗan, sai ta janye hannu. Sau biyu ta kama kanta tana rage hanta daga akushi, ta mayar. Da damina ta kankama, hanyar ƙauyen ta fara caɓewa, ba ta jira ba. Saura mako biyu ta kwashi Zulaihatu suka tare a gidan wata 'yar ƙanwarta a Shagari, inda ake hango rufin asibitin daga tsakar gida.

Naƙuda ta fara da safe. Bahijja ta shiga da Zulaihatu, ta ce Gwaggo ta zo ta tsaya a gefe in tana so. Altine ta ƙi. Ta san hannunta ba zai iya tsayawa a gefe ba. Ta zauna a gindin dogon yaro ta tura hannuwan a ƙarƙashin cinya. Kowane nishi da ya fito ta taga ta san fassararsa. Hantsi ya wuce. Aka kira azahar, ba labari. Ranar haihuwar Tukur, a irin wannan lokaci an riga an yi masa wanka. Mainasara ya zo ya tsaya a kanta, ta kore shi ya je ya tabbatar direban motar bai yi nisa ba. Ta riƙa ganin katakon amalanke. Ta ce a ranta, in yarinyar nan ta tafi, ita ta ɗura mata ajalin loma-loma.

Bayan la'asar ta ji wani nishi mai tsawo, sai shiru, sai kuka. Ba irin kukan da ta saba ji ba ne. Wannan har akuyar da ke kiwo a bakin katanga ta ɗaga kai.

Mace ce, kilo uku saura kaɗan. Zulaihatu ta ƙaru an yi mata ɗinki, ta zubar da jini ba kaɗan ba, amma tana zaune tana neman ruwa. Altine ta kai hannu ɗaya za ta ɗauki jaririyar, dole ta ƙara na biyu. Ba ta yi mata wasa ba. Ta kwance zanen ta ɗora tafinta a ƙirji, ta rufe ido. Ba ta iya tantance komai ba; zuciyar kowane jariri sauri take yi.

"Saurara mani," ta ce wa Bahijja.

Bahijja ta sa abin sauraro ta daɗe. "Ban ji wani abu ba. Amma kunnena ba na'ura ba ta, Gwaggo. Ku kai ta Sakkwato a yi hoton, tun da yayanta ya yi."

Aka ba su rana bayan arba'in.

Suka koma Mandera. Tun daga ranar, duk lokacin da yarinyar ta kama nono, Altine na zaune a gefe tana ƙirga zuƙa, tana kai bayan yatsa goshinta. Wata rana ta ji danshi, ta miƙe tsaye, sai Zulaihatu ta ce, "Inna, ɗakin na da zahi, ni ma zuhwa nika yi." Ta koma ta zauna, ba ta gamsu ba.

Saura kwana tara a tafi Sakkwato, da hantsi, wata amarya mai suna Zainab ta yi sallama. Ta durƙusa daga nesa tana wasa da bakin mayafi. Altine ta dubi wuyanta ta gane.

"Uwar mijina ta ce in zo ki ba ni ƙoƙo."

"Babu. Na daina shuka su." Ta shiga ɗaki ta fito da ƙwai huɗu a faifai. "Ga wanga. Ki dahwa ki ci, gobe ki dawo in kai ki awo."

Zainab ta dubi ƙwan kamar an miƙo mata garwashi. "Ƙoƙo anka ce, Inna. In babu, ta ce in aro na maƙwabta."

Ta yi godiya ta tashi. Altine ta bi ta da kallo har ta fita zaure. Kusan kowane gida a garin akwai ƙoƙon da ta fafe da hannunta, kuma duma ba ya saurin fashewa. Gwiwoyinta na ciwo, bayanta na ciwo. Ta leƙa ɗaki. Yarinyar na kan nono tana ja ba ta saki ba. Ta taɓa goshin, a bushe yake, na yanzu dai.

"Ina za ki, Inna? Ga tuwo na sauka."

"Ci naki, kada ki rage mani."

Ta juye ƙwan a babban akushi, ta ƙara wake daga tukunya, ta rufe da faifai. Ta ɗaura mayafi, ta bi sawun Zainab cikin caɓi.